Namadi Mai Gidan Kwano

In dai cika baki ake zance a ƙasar Gwandu, to a ture kowa gefe a fara da Namadi. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Gusau. Ya ga jirgin ƙasa, ya ga kantuna masu rufin kwano, ya kwana a tasha, kashegari ya hau mota ya dawo. Tun daga ranar ba ka isa ka yi zancen komai a gabansa ba, ko na dakan fura ne, sai ya karkace hula ya ce, "Mu can Gusau ba haka muke yi ba." Ni dai ban taɓa ganin mutumin da 'yar tafiya ta lalata kamarsa ba.

Yana da gwaggo a Gwandu, Hajjo, yayar mahaifinsa. Mijinta ya rasu ya bar mata gidan haya a Kalgo, daf da kasuwa, zaure ne da ɗakunan soro uku manne a bayansa. Tsufa ya kama ta, ba ta da ɗa, zirga-zirga ta gagare ta. Sai ta aika Maruda aka kira Namadi daga gonar da yake riya yana nomawa.

Ta ce, "Zauna ka ji ni, ɗan nan. Ka tai Kalgo ka riƙe mini gida damina guda. In kaka ta yi soro shina tsaye, na ba ka gidan kyauta gaban shaidu. In ya zube kuwa, ko tubali ba ka gani."

"Gwaggo, damina guda? Ki ce goma."

"Rufe mini baki, ban ƙare ba. Kuɗin haya ka ci, ka sha, ka ɗinka riga, ba ruwana. Amma akwai dabbobi uku a turke bayan gida. Ba nawa ba ne, ba naka ba ne, na soro ne. Ƙaramin rago na yaɓe ne, kowace bazara a sai da shi a biya magina su yaɓe rufi kafin ruwa. Babban rago na azara ne, ana kiwonsa har randa gara ta ci katakon rufi. Tunkiya mai baƙin kunne ita ce uwarsu, ita ke haifo na gaba. 'Yan haya ke ba su dusa da harawa, haka marigayi ya tsara. Ka ji?"

"Na ji, Gwaggo."

Ya ji ɗin, amma ta kunnen dama ta shiga, ta hagu ta fita. Tun kan jakinsa ya fita ƙofar Gwandu ya riga ya raɗa wa kansa suna: Alhaji Namadi Mai Gidan Kwano. Alhajin ma dai na kyauta ne, don ko hanyar gabas bai sani ba.

Da ya isa Kalgo ya tara 'yan haya. Akwai Lawali tela da kekensa na ɗinki, da Basharu mai gishiri da buhunansa har rufi, da Larai mai tuwo, wadda duk kasuwa ke tsoron bakinta. Ya hau kan turmin Larai ya yi gyaran murya.

"Jama'a, zamani ya zo gidanga. Wane irin gidan haya ne ke warin tumaki? Mu can Gusau, gidan haya kwano ake sa masa. Kwano ba ya son yaɓe, ba ya cin dusa, ba ya kuka da asuba."

Larai ta ce, "Sauka mini daga turmi tukun, da shi nike cin abinci. Sannan ka gaya mana, can Gusau ɗin gida nawa gare ka?"

"Na kwana cikin na kwano."

"An ce mana a rumfar tasha ka kwana."

"To rumfar tasha da mi anka rufe ta? Da ganyen rama?"

Da bazara ta kama, magina suka zo da kwandunan makuba, ɓawon ɗorawar da ake jiƙawa don yaɓe, kamar yadda suka saba kowace shekara, suka tambayi ranar yaɓe. Namadi ya ce su je su yaɓe wa ƙauyawa. Ya ja ƙaramin rago kasuwa ya sayar, ya wuce Birnin Kebbi ya sayo kwano. Ashe kuɗin rago ba kuɗin kwano ba ne. Abin da ya samu tsofaffi ne da aka ɓamɓaro daga wani sito, ramukan ƙusa birjik, kuma iyakarsu su rufe zaure. Bai damu ba. Ya ce ai zaure ake gani daga hanya, wa ke leƙen ɗakin mai gishiri?

Da kansa ya rushe rufin zauren, lafiyayyen rufi wanda ko tsaga babu, da kansa ya buga kwanon. Ya ɗaga gaba sama ya kwantar da baya, don kada ruwa ya zubo inda yake kafa kujerarsa a ƙofar gida.

Lawali ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Maigida, wanga ruwa in ya gangaro baya, bisa soronmu za shi sauka fa."

"Kai tela ne ko magini? Na taɓa gaya maka inda za ka sa aljihu?"

Bai tsaya nan ba. Ya ja da baya ya ƙare wa gidan kallo, sai indararo suka tsone masa ido. Ya ce gida ya yi ta zaro harshe ta ko'ina kamar karen da ya sha gudu. Ya zare su duka, ya toshe ramukan da laka, ya shafa farar ƙasa. Gida kam ya yi kyau, ƙarya haramun. Larai ta riƙe haɓa ta ce, "To ruwan ta ina za shi fita? Ko shi ma haya zai kama?"

"Rana ta shanye shi. Haka ake yi a Gusau."

Gidan kwano kuma ai ba a buɗe shi da bakin banza. Namadi ya ce sai an yi walima, sai Kalgo ta san an yi baƙo. Ya dubi babban rago, babban rago ya dube shi. A ranar ne Lawali ya shigo da wata farar riga da yake ɗinkawa, duk ta yi ja da gari.

"Maigida, dubi abin da ke zubo mini daga rufi. Gara ce ta shiga azara. Na soka almakashi ya shige kamar cikin tuwo. Lokacin ragon azara ya yi."

Namadi ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya, lokacinsa ya yi." Ya aika aka kira mahauci.

Rufin Lawali kuwa, ya sayo akoko fari ya sa telan ya ɗinke da kekensa, aka shimfiɗa a ƙarƙashin azara aka kafe da ƙusa. Ya ce wannan shi ake kira silin, kuma abin da ido bai gani ba zuciya ba ta damu da shi ba. Gari ya daina zuba a kan riguna, ya koma taruwa a cikin akoko.

Ranar walima ya cusa dattawan unguwa cikin zaure da tsakar rana, a cikin zafin bazara. Kwano ya ɗauki wuta. Kafin a raba nama rawuna sun jiƙe sharkaf, liman yana fifita da takalminsa. Namadi na tsaye yana jawabi, gumi na ɗiga daga gemunsa, yana cewa wannan zafi na lafiya ne, shi ke kashe sauro. Wani tsoho ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ɗana, ragon an gasa shi, mun gani. Mu kuma laifin mi munka yi?" Kowa ya ƙunshe namansa ya gudu gindin tsamiya, aka bar maigida shi kaɗai da kwanonsa.

Sai ruwan fari ya sauka. Duk abin da kwano ya tara ya kwarara kan soro, ya nemi hanyar fita ya rasa, ya kwanta. Abin da ya kwanta kuma sai ya nemi ƙasa. Da safe Basharu ya fito yana salati, yana jan wani buhu da ya saki jiki.

"Maigida, gishirina! Jiya buhunga ba ya ɗaguwa, yau da hannu guda nike jan shi!"

"To ba ka gode Allah? Ka huta da biyan 'yan dako."

"Ruwa ke zuba cikin ɗaki!"

"Basharu, kana ba ni kunya. Can Gusau Turawa kuɗi suke biya a kai musu ruwa har cikin ɗaki. Ni na kawo muku kyauta, ban ƙara ko anini bisa haya ba."

Larai ta leƙo da muciya a hannu. "Ka kyauta. Ni ma miyata ta jiya ba sai na sa gishiri ba, ruwan ɗakin Basharu ke biyowa ta bango da ɗanɗanonsa."

Ya raba musu ƙorai su tara ɗiga. Da ƙorai suka kasa ya ƙaro tukwane. Ƙorafi ya yi masa yawa, safe da yamma, har kansa na ciwo. Maimakon ya ɗauki tsani ya buɗe ramukan indararo, sai ya yi wani tunanin. Wani direba ya zo da garmaho na sayarwa, akwatin waƙa mai hannun murɗawa. Namadi ya ce abin da gidan ya rasa ke nan, don wanda ke jin kiɗa ba ya jin ɗigar ruwa. Ya kwance tunkiya mai baƙin kunne, ga ta da ciki ya tsufa, ya miƙa wa direba igiya.

A nan ne Larai ta daina dariya. Ta tare ƙofa ta ce, "Namadi, ka ci yaɓe, ka ci azara, yanzu uwar za ka ci? Shekara da shekaru da dusata nike kiwon tunkiyarga. Wallahi abin ya yi mini zafi."

"Dusarki ta huta. Matsa in wuce."

Ta matsa. Amma da yamma ta sami masu jakuna da za su Gwandu, ta ba su saƙo.

Ana tsakiyar marka labari ya iso cewa Gwaggo Hajjo na tafe ranar kasuwa. Namadi ya shiga neman dabara. Soro ba ta iya hawa, wannan ya sani, amma turke a ƙasa yake. Da sassafen ranar ya tare wani Bafulatani mai suna Isa, wanda ya koro tumaki daga wajen Diggi, ya roƙe shi aron raguna biyu da tunkiya zuwa la'asar. Ladan kuwa, Isa zai zauna a zaure ya ji garmaho har ya ƙoshi. Isa ya ce to, amma fa tumakinsa ba su san igiya ba. Namadi ya ce yau za su sani.

Da hantsi ya ɗaga sai ga Gwaggo a bayan wata motar gyaɗa, aka sauko da ita da sandarta. Hadari ya riga ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Namadi ya tarye ta cikin sabuwar riga, ya murɗa garmaho, ya nuna kwano da hannu biyu.

"Gwaggo, ga gidanki ya zama na birni!"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta wuce kai tsaye bayan gida, ta tsaya a turke tana kallon dabbobi uku da ke fizge-fizge suna neman shaƙe kansu.

"Ina tunkiyata?"

"Ga ta nan gabanki, Gwaggo."

"Tawa baƙin kunne gare ta."

"Damina ta wanke shi. Ruwan bana ƙarfi gare shi."

"Cikin nata fa?"

"Shi ma... zafin kwano ne, ya sa ta rame."

"Wanga kuma ragon azara ne? Wanda na bari ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Shi ma ruwan ne ya miƙe masa ƙaho?"

Kafin ya lalubo amsa aradu ta tsaga, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Isa ya ga garkensa na watsewa a kasuwa, ya fito ƙofar zaure ya yi irin kiran da yake musu a daji. Ai kuwa dabbobin nan uku suka tsinke igiyoyi, suka bi ta tsakanin ƙafafun Namadi, suka kifar da tukunyar miyar Larai, suka keta zaure suka bi ubangidansu. Gwaggo ta bi su da kallo, sannan ta juyo.

"Ikon Allah. Tumakina sun koyi Fulatanci."

'Yan kasuwa sun riga sun cika zaure maƙil suna fakewa, sauran na cikin rumfuna suna hangen gidan. Ƙarar ruwa a kan kwano ta danne garmaho, ba ka jin komai sai kamar ana dukan gwangwani. Sai ga Lawali ya fito a guje, yana rungume da kan kekensa.

"Silin ya yi ciki! Ya sauko har bisa kaina!"

Basharu ya biyo shi da buhu biyu fanko. "Bango na kuka!"

Larai ta ce, "Tafki ne bisa soro, Gwaggo. Ya toshe indararo tun bazara."

Gwaggo ta ɗaga sanda. Namadi ya ga in ya tsaya a ƙasa sanda ce, in ya hau sama ruwa ne, ya zaɓi ruwa. Ya jingina tsani, ya naɗe riga, ya haye yana ɗaga murya don kasuwa ta ji.

"Kowa ya kwantar da hankali! Ƙaramin aiki ne! Yanzu za ku ga yadda muke yi a Gusau!"

Ya taka soro, ruwa ya kai masa gwiwa, har da kwaɗi. Jama'a suka fito daga rumfuna cikin ruwan, don irin wannan kallo ba a ba da labarinsa. Ya lalubi ramin indararo ya rasa, shi da kansa ya shafe shi da farar ƙasa har ba a gane wurin. Ya yi gabas, ya yi yamma, ya tsaya daidai tsakiyar ɗakin Lawali ya buga ƙafa don ya nuna wa mutane ƙarfin rufin.

"Kun gani? Ko gezau!"

Azarar da gara ta gama da ita tun bazara ta ce ƙaras. Namadi ya shige har hammata. Tafkin nan duka ya sami ƙofar da ya daɗe yana nema, ya bi ta gefen wuyansa da cikin rigarsa ya kwarara ɗaki. Sama kai da hannuwa, ƙasa ƙafafu na harbin iska cikin akoko, wandonsa kuwa ya maƙale a ƙusar silin ya yi zamansa can. Kasuwa ta ɗauki ihu. Mata na guɗa, mahauta na buga wuƙaƙe, wani ya ce a kawo masa fura ya sha a can tunda ya sami wurin zama.

"Ku jawo ni ta sama!"

Larai ta ce, "Wa zai hau? Mu ƙauyawa ne, ba mu san yadda ake yi a Gusau ba."

"To ku jawo ni ta ƙasa!"

Lawali da Basharu suka shiga, kowa ya kama ƙafa ɗaya, suka ce bismillahi suka finciko. Ya fito kam, amma tare da rabin rufi. Allah ya tsare, su biyun suka yi tsalle waje, shi ya faɗo cikin taɓo naɗe da akoko. Rufin Basharu ya ga maƙwabcinsa ya tafi, ya bi shi. Bangon da ke riƙe da bayan kwano ya sulale, iska ta shiga ƙarƙashi ta yaye kwanon ta watsa a hanya, 'yan fakewa suka tarwatse. Garmaho dai wani buhun jiƙaƙƙen gishiri ne ya faɗa masa, daga nan bai ƙara cewa uffan ba.

Ruwa ya ɗauke. Namadi ya rarrafo ya durƙusa gaban Gwaggo, ja wur da laka, yana riƙe da akoko a ƙugu. Duk da haka bakin bai mutu ba.

"Gwaggo, dama ginin ya tsufa. Na so in rushe shi da rani, sai Allah ya hutar da mu kuɗin lebura."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon kangon ɗakunan. Idonta ya kawo ruwa, don da hannunsa mijinta ya ɗora azarar nan. Ta share da bakin mayafi, ta juya ga jama'a.

"Ku shaida. Na ce in soro ya tsaya gida nasa ne. Ga soro nan kwance. Larai, daga yau riƙon gidanga hannunki yake, zan aiko da tunkiya daga Gwandu."

Namadi ya yi ajiyar zuciya. "To ni sai in koma Maruda, Gwaggo. Gonata na jirana."

"Maruda? Ina ragon yaɓe?"

Ya nuna kwanon da ke watse a hanya.

"Ina ragon azara?"

Larai ta ce, "Shina cikin cikinsa."

"To madalla, ashe bai ɓata ba. Ragon soro ba ya barin gida sai ya biya aikin soro. Tunda suna jikinka, kai za ka tsaya a madadinsu. Kai ne taka ƙasa, kai ne ɗaukar tubali, kai ne jiƙa makuba, har magina su ɗora rufi na ƙarshe."

"A ina zan kwana? Ɗakuna sun zube."

Ta nuna turke da sandarta. "Ga wurinsu nan babu kowa. A tsinto masa kwanonsa a kafa masa a kai."

Haka aka yi. Har kaka ta wuce, rani ya shiga, duk mai zuwa kasuwar Kalgo sai ya ratsa ya ga Namadi cikin ramin laka har cinya yana taka ƙasa, magina na yi masa tsawa ya ƙara ruwa. Larai na ba shi tuwo safe da yamma, a gefen akushin dusar sabuwar tunkiya, wadda suke raba rumfa ɗaya. In an wuce a ɗaga masa hannu a ce, "Sannu da aiki, Mai Gidan Kwano!"

Shi kuwa sai ya tsame ƙafa ɗaya daga laka, ya gyara hula, ya ce, "Yawwa. Ku bincika duk unguwarga, mu biyu kaɗai ke kwana ƙarƙashin kwano. Ita ma don ni ta samu."